Inda Kasuwa Ta Dosa: Cinikin Yini Ɗaya a Iyakar Gobir

Ɗan baranda ba ya zuwa kasuwa da kaya, kuma ba ya fatan komawa gida da kaya. Kuɗi yake ƙullowa tun da asuba, ya tsaya bakin kara ko gefen rumfar ma'auna, ya sayi akuya ko buhun gero daga hannun wanda ya riga isowa, ya sayar wa wanda ya zo daga baya. Wani lokaci tsakanin sayen da sayarwar ba a yi sa'a guda ba, dabbar ma ba ta bar turkenta ba. Ribar kowane ciniki 'yar kaɗan ce, shi ya sa yake son juya kuɗin sau da yawa kafin la'asar. Idan rana ta yi sanyi yana riƙe da igiya, to ranar ba ta yi ba: ko ya ciyar da dabba har wata kasuwa, ko ya karyar da ita.

Babu kasuwar mako a ƙasar Hausa da ta rasa irin waɗannan mutane. Amma a gabashin jihar Sakkwato, a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, sana'ar tana neman kaifin ido fiye da yadda take nema a Kano ko Zariya. Kuɗi iri biyu ne a aljihun mutane, naira da sefa. Iyakar Nijar ga ta nan kusa, ana buɗewa ana rufewa ba tare da an nemi shawarar kowa a nan ba. Hanyar da kaya ke bi kuma yau ta biyu, gobe ba ta biyuwa. Wanda jarinsa ke shiga kasuwa da safe ya fito da yamma dole ya san, tun kafin ya taya kayan farko, ko farashi hawa yake yi ko sauka, da kuma abin da ke tura shi.

Kasuwancin yankin ya girmi iyakar da ta raba shi. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗa hannun masu jihadi a 1808, kufansa na cikin ƙasar Sabon Birni ta yau. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga bisani wani reshe na gidan sarautar ya dawo kwarin Rima ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata layinsu a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa can, Sabon Birni da Isa suka faɗo nan. Dangi dai ba su rabu ba. Mai sayen wake a Sabon Birni yana da ɗan'uwa a Gidan Rumji ko Bangi ko Madawa, kuma wannan zumuncin shi ne jarinsa na farko, domin ta nan labarin farashi ke iso masa.

Aikin da ake yi kafin gari ya waye

Tun daren jajiberin kasuwa ake fara ciniki, a waya. Ana kiran Shinkafi, ana kiran Maraɗi, mai hannu da yawa har Dawanau ta Kano yake kira. Bayan gaisuwa tambayar ɗaya ce: "Alhaji, yaya gero ya tashi a wajenku?" Wanda aka tambaya ba ya tsayawa ga faɗin kuɗin buhu. Zai ce ya ƙara, ko ya yi sanyi, ko yana nan inda ka bar shi. Wannan ƙarin bayanin ya fi lambar amfani. Buhun da ya tashi a farashi ɗaya yana kan hawa, da wanda ya tashi a wannan farashin yana kan gangarowa, ba kaya ɗaya ba ne a idon mai juya kuɗi cikin yini.

Da safe kuma ido ke aiki. Manyan motoci nawa suka kwana a tasha suna jiran lodi? Fataken Kudu sun zo, ko yaransu kawai suka aiko? Amalanke da jakuna da babura nawa suka shigo daga ƙauyuka kafin hantsi? Idan motoci sun yi yawa kaya bai shigo ba, ba sai an gaya wa kowa ba. Idan kaya ya cika fili tasha kuwa fayau, ɗan baranda mai hankali sai ya mayar da hannunsa aljihu, ya bar masu gaggawa su fara.

Amfanin labari a irin waɗannan kasuwanni abu ne da aka auna. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, shekarun da wayar salula ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa shigowar waya ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ga mai saye da manomi wannan alheri ne. Ga ɗan baranda kuwa abincinsa ne ya ragu, domin a da yakan ci ribar abin da ya sani wanda baƙauye bai sani ba. Yanzu tsohon da ya koro tunkiyarsa ya riga ya kira ɗansa a birni. Abin da ya saura wa mai sana'ar shi ne iya karanta inda kasuwa ta dosa, da saurin yanke shawara.

Motsi uku a farashi ɗaya

Tsofaffin 'yan kasuwa suna rarrabe tafiyar shekara da tafiyar makonni da ta cikin yini, ko da ba su jera su haka ba. Ta shekara kowa ya san ta. Gero yana araha da kaka, daga Satumba zuwa Oktoba, dawa ta biyo baya; daga bazara farashi ya fara ɗagawa, ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Albasar fadamun Rima da ta Galmi tana zubewa a watannin Maris da Afrilu, ta yi tsada wajen ƙarshen shekara. Dabba tana faɗuwa a ƙarshen rani, ta rame, mai ita kuma yana neman kuɗin hatsi ko na taki. A kan wannan sai a ɗora lissafin wata: azumi yana jan gero da wake da sukari, layya tana jan rago. Tun da watan Musulunci yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, haɗuwar lissafin biyu ba ta maimaita kanta. Layyar da ta faɗo a farkon damina, kamar ta 6 ga Yuni 2025, tana samun manoma suna fitar da dabbobi don sayen taki a daidai lokacin da masu layya ke nema; wadda ta faɗo da kaka kuwa tana samun manomi da hatsi a rumbu, ba ya gaggawar rabuwa da ragonsa.

Ba 'yan kasuwarmu kaɗai suka lura da wannan ba. Charles Dow, ɗan jaridar da ya rubuta sharhi kan kasuwar hannun jari ta Amurka wajen 1900, shi ma ya kasa motsin farashi gida uku: babba mai ɗaukar shekara ko fiye, matsakaici na makonni ko watanni, da ƙarami na yau da gobe. Har yau a kan wannan rabon ake koyar da masu cinikin yini a duniya. Ka'idar ita ce mai ciniki a ƙaramin motsi ya san inda babban ya fuskanta, kada ya tsaya masa a gaba.

Ga yadda abin ke aiki a kara. Idan kasuwa na kan hawa, misali saura mako biyu sallah, ɗan baranda yana saye da ƙarfin zuciya tun da sanyin safiya. Makiyayi ya ce albarka, ya ƙara. Ya sake cewa albarka, ya sake ƙarawa, har a sallama masa, don ya san wanda zai zo da azahar zai biya fiye da haka. Yana iya riƙe dabba sa'a biyu yana ƙin tayi. Idan kuwa kasuwa na kan sauka, tsarin yakan juye gaba ɗaya: ba ya taya komai sai ya riga ya ga mai saye. Zai ji wani mahauci yana neman bunsuru na kuɗi kaza, ya zaga ya samo ƙasa da haka, ya haɗa, ya ɗauki abin da ya rage, ya tsame hannunsa. A irin wannan rana duk minti ɗaya da kaya ya yi a hannunsa hasara yake jawowa. Idan kasuwa ta tsaya cik, ba hawa ba sauka, sai ya rayu a kan bambancin safe da tsakar rana kawai, kuma da yawa a irin wannan lokaci sukan koma dillanci su karɓi la'ada, su huta da sa kuɗinsu.

A ɗauka mutum ya sayi akuya naira 60,000 ya sayar 63,000. Kafin 3,000 ɗin nan ta zama tasa, akwai la'adar dillali, da kuɗin shiga kara, da na yaron da ya riƙe igiya. Ya yi irin wannan sau uku, sai ta huɗun ta yi masa kwantai, ya karyar da ita da ragin 8,000 don kada ya kwana da ita. Yinin ya tafi a banza. Shi ya sa gwanaye a sana'ar ba a gane su da yawan saye. Ana gane su da saurin sakin kayan da suka ga ya juya musu baya, da kuma iya zama a inuwa ranar da kasuwa ba ta karantuwa. Sabon shiga shi ke riƙe kaya yana cewa zai dawo.

Akwai kuma iyakar da addini ya shata, wadda mai wannan sana'a ke tafiya dab da ita kullum. Shari'a ta hana tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su san farashin kasuwa, ta hana tayin ƙarya don a zuga mai saye, ta hana ɓoye abinci don a jawo tsada. Ɗan barandan da ya tsaya cikin kasuwa ya saya a fili yana yi wa jama'a aiki: manomin da ke son komawa gida da wuri ya sami mai karɓar kayansa nan take. Wanda ya fita bayan gari ya tare tsohuwa da kwanon wakenta ya ce mata kasuwa ta faɗi, alhali ya san hawa take, wannan zalunci ne, kuma sarakunan kasuwa sun san masu yi.

Sefa

A iyakar Gobir babu farashin da ba shi da sefa a ƙarƙashinsa. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, 655.957 a kan yuro ɗaya, don haka duk abin da ya sami naira a Legas ko Abuja yana bayyana a teburin ɗan canji na bakin iyaka kafin yini ya ƙare. Bisa al'ada hatsi da kayan masana'anta da man fetur ke hawa Nijar, dabbobi da wake su gangaro. Idan naira ta faɗi, geron Najeriya ya zama araha ga mai sefa, masu saye daga Maraɗi su yi yawa, farashi ya tashi a kan talakan Isa da bai taɓa riƙe sefa ba. Ragon Nijar kuma ya yi wa mai naira tsada.

Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A tsakiyar watan aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma zuwa Fabrairun 2024 dala ta doshi 1,900 a kasuwar bayan fage. Jakar sefa, wato sefa dubu, wadda a farkon 2023 ba ta wuce naira dubu da 'yan ɗaruruwa ba, ta haura dubu biyu da rabi. Wata takwas alkibla ɗaya ce: riƙe sefa, saki naira. Ɗan canjin da ya saba rufe lissafinsa kullum da yamma sai ya ga wanda ya kwana da sefa ya fi shi samu. Mutane da yawa suka bar ka'idar yini, suka tara. Sai ga Maris da Afrilu, Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa ya kuma sayar wa 'yan canji dala, naira ta farfaɗo har dala ta sauko wajen 1,100. Wanda ya sayi sefa a ƙololuwa da kuɗin mutane ya ga kusan kashi 40 cikin ɗari na jarinsa ya narke cikin makonni. Wanda ya firgita ya sayar a ƙasa kuma bai tsira ba, domin a watan Mayu dala ta sake komawa wajen 1,500.

Wanda ya fita lafiya daga wannan guguwa shi ne ɗan canjin da bai bar sana'arsa ta asali ba: ya saya a kan kaza, ya sayar da ɗan ƙari, hannu da hannu, ya daidaita abin da ke jakarsa kafin magariba. Alkiblar kasuwa ta gaya masa wane kuɗi zai fi riƙewa da rana da kuma yawan tazarar da zai bari tsakanin saye da sayarwa. Ba ta ba shi izinin yin caca da amanar fatake ba.

Irin wannan ya sake faruwa a hatsi. A Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Duk wanda ya ajiye masara ko gero tun 2023 ya ci riba mai yawa, don haka da kakar 2024 kowa ya saya ya jibge, har da waɗanda ba sana'arsu ba ce. Amma a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta riga ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, naira kuma ta ɗan natsu. A 2025 hatsi ya ƙi hawan da aka saba gani da bazara, ya yi ta sauka. Lissafin kaka da bazara da aka gada kaka da kakanni ya saɓa a wannan shekara, kuma waɗanda suka fi jin jiki su ne masu ajiya da bashi.

Hanya da doka

Duk abin da aka faɗa zuwa nan yana ɗauka cewa kasuwa za ta ci. A Sabon Birni da Isa wannan ba tabbas ba ne, kuma a nan ne duk wata dabara ke gamuwa da abin da ya fi ƙarfinta.

A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe iyakar Illela ba sai Disambar 2020. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, albasa da tumatir suka zube a Arewa. A farkon Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana safarar shanu a manyan motoci, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Sabon Birni da Isa. A cikin watan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Mutanen bakin iyaka suka koma neman sabis ɗin Nijar a kan tudu, na ciki kuwa suka koma yadda ake kafin zuwan waya, sai direba ya iso a ji farashi. A farkon 2023 canjin takardun naira ya kawo farashi biyu a kan buhu ɗaya, na tsabar kuɗi da na tiransifa, a yankin da banki ya yi ƙaranci sabis kuma ba shi da ƙarfi. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai aka sake rufe iyaka har Maris 2024. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, a Mayun 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi ana dab da layya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya hangowa daga farashin makon da ya gabace shi.

Sannan ga bindiga. Ranar 8 ga Oktoba 2021 aka afka wa kasuwar Unguwar Lalle a ƙasar Sabon Birni, aka kashe kusan mutum 20. Bayan kwana tara aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da rasuwar mutum 43. A Disambar shekarar aka ƙone motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni, fiye da mutum 20 suka rasu a ciki. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi. Dubban mutanen yankin suna gudun hijira a jihohin Maraɗi da Tawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Wannan ya shiga cikin farashin kansa. Baƙon da ya zo daga nesa yana son ya gama lodi ya wuce wuraren da ake tsoro da sauran rana, don haka kasuwa tana cika da wuri ta watse da wuri, kuma faɗuwar farashin da aka saba gani da la'asar tana iya zuwa tun azahar. Jita-jita guda, ko gaskiya ko ƙarya, ta isa ta sa mai dabba ya sallama a rabin kuɗi. Mai tsabar kuɗi a jiki yana tsoron a san yana da su. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka ɗora wa haraji, ko gidan da ake tara kuɗin fansa, ana fitar da hatsi da shanu ba don lokacin sayarwa ya yi ba. Ɗan kasuwar da ya ga kaya ya cika fili ba a kan lokaci ba yakan san cewa wani gari ne ke cikin wahala. Arahar da ya samu ranar, hawayen wani ne, kuma masu tsoron Allah a cikinsu sun san haka.

Kasuwar cikin waya

Ƙannen waɗannan 'yan kasuwa da 'ya'yansu, musamman waɗanda rashin tsaro ya kora Sakkwato ko Gusau ko Kano, da yawansu sun sami wata kasuwar a cikin waya. Wasu sun shigo ta hanyar wasannin danna allo na 2024, Notcoin da Hamster Kombat, daga nan suka zarce cinikin kirifto da na kuɗaɗen waje. Kalmomin da ake koya musu sun yi kama da na kara: bi alkibla, kada ka yi jayayya da kasuwa, yanke hasara da wuri. Zanen kyandirori ja da kore da suke kallo ma daga kasuwar hatsi ya fito. Ana danganta shi da 'yan kasuwar shinkafa na Japan, inda kasuwar Dojima ta Osaka ta sami izinin hukuma a 1730.

Ban ga laifin saurayin da gonar gidansu ta gagari shiga ba idan ya nemi abinci a inda ya ga ƙofa. Amma ya kamata a gaya masa abin da bincike ya nuna, domin masu sayar masa da darasi ba za su gaya masa ba. A Taiwan, Brad Barber da Terrance Odean da abokan aikinsu sun bi bayanan masu cinikin yini na shekaru da dama, suka ga waɗanda ke samun riba mai ɗorewa bayan an cire kuɗin ciniki ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba. A Barazil, cikin waɗanda suka dage fiye da kwana 300 suna yi, kashi 97 hasara suka yi. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Indiya ta bayyana a 2024 cewa 7 cikin kowane 10 na masu saye da sayarwa a yini ɗaya sun tashi da hasara. Waɗannan mutane ne masu wutar lantarki da intanet mai ƙarfi.

Dalilin a bayyane yake idan aka ajiye sana'o'in biyu gefe da gefe. Ɗan baranda ya san me ya sa gero ke hawa: ya ƙirga motoci, ya ji daga Maraɗi, ya san garin da bai yi noma ba. Yana taɓa dabbar da hannunsa, ya san wanda ke sayarwa da abin da ya matsa masa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma shi yana ganin abin da ya tsamar da shi. Mai waya yana ganin layin ne kawai, bayan ya riga ya motsa, kuma wanda ke ɗaya gefen cinikin kamfani ne mai kwamfutocin da ke yanke shawara kafin ƙiftawar ido. Ga kuma bashin da dillalin intanet ke ba shi: idan an ninka masa jarinsa sau ɗari, motsin kashi 1 cikin ɗari ya isa ya share shi tas. Ɗan baranda ko ya yi kuskure yana da akuya a hannu. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawa tun 2006 cewa ciniki da irin wannan bashin bai halatta ba, wanda ya bambanta shi da canjin hannu da hannu na bakin kasuwa. Ban da wannan akwai 'yan damfara da ke fakewa da sunan ciniki, daga MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016 zuwa CBEX da ta ruguje a Afrilun 2025, dukkansu da alkawarin ribar da babu kasuwar gaskiya da ke bayarwa.

Saurayin da ke da basirar zama sa'o'i yana nazarin farashi yana da abin da yankinsa ke buƙata. A Nijar akwai tsarin hukuma, SIMA, da ke tattara farashin hatsi daga kasuwanni kowane mako yana yaɗawa, har ta rediyo. Irin wannan aiki a gabashin Sakkwato, a riƙa sanar da yadda gero da wake da rago da sefa suka tashi a Sabon Birni da Isa da Goronyo da Shinkafi da Illela, cikin Hausa, a rediyo da saƙon waya, ba zai ci kuɗi mai yawa ba, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ƙananan hukumomin biyu za su iya fara shi. Zai rage ribar mai tare hanya, ya taimaki manomi da ɗan baranda na gaskiya. Sai dai a haɗa shi da abin da 'yan kasuwar yankin suka daɗe suna roƙo: jami'an tsaro a hanyar Marnona zuwa Isa da ta Goronyo zuwa Sabon Birni a ranakun kasuwa, tun daga fitowar motar farko har shigar ta ƙarshe.